Ragonka Lafiyayye Ne, Alhaji, Mun Yarda

To, masu gardama, ku gyara zama, yau da ku nake. Na san tun kafin a kai layi na uku wani ya riga ya taɓe baki ya ce, "Ga su nan kuma. 'Yan boko sun gama da sauro, sun gama da ɓera, yanzu sun koma kan kaska." E, kanta muka koma. Ita ɗin dai da kuka sani, raɓi mai jini, wadda take maƙalewa a gindin wutsiyar saniya da hantsarta da marainan sa, ta sha ta ƙoshi ta faɗo ƙasa. Ba sabuwa aka kawo muku daga waje ba, taku ce ta gida.

Alhaji dillali ne zai fara miƙewa, na sani. "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake kara. Da hannun nan nake cisge kaska, in murtsuke ta tsakanin farce biyu, in goge jinin a gefen riga, in ɓare gorona in ci. Ga ni garau, ko mura ba na yi." Allah ya ƙara lafiya, Alhaji, ya ja da kwana. Sai dai hujjar taka tana da ɗan rami. Wanda ya yi irin abin da kake yi bai wanye lafiya ba, ai ba ya dawowa kara ranar kasuwa ya ba da labari. Abin da za ka ji kawai shi ne, "Wane ya rasu, zazzaɓi ne na kwana bakwai," a yi fatiha a koma ciniki. Masu rai kaɗai ke zaman majalisa, shi ya sa kullum majalisa take cike da waɗanda kaska ba ta yi musu komai ba.

Bari mu faɗi cutar da muke nufi, kada a ce muna kame-kame. A shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Tarayyar Sobiyet kimanin 200 da aka tura taya manoma girbi a yankin Kirimiya suka kwanta da wani zazzaɓi mai sa zubar jini. Yaƙi ya sa an bar gonaki sun zama saura, zomaye sun yi yawa, kaska ta samu wurin hayayyafa. Bayan shekara goma sha biyu, a 1956, aka samu wata ƙwayar cuta a jinin wani yaro mai zazzaɓi a garin da yanzu ake kira Kisangani a Kwango. Sai a 1969 masana suka gwada su biyun suka ga ashe abu ɗaya ne. Tun daga nan ake ce masa zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane mutum ɗari da ya kwantar, yakan tafi da goma zuwa arba'in. Har yau kuma babu allurar rigakafinsa da ake yi wa jama'a ko dabbobi a kasuwar duniya.

Mai ɗauke da shi galibi wata irin kaska ce da masana ke kira Hyalomma. In ka ɗaga wutsiyar bijimi ka duba da kyau za ka gane ta: jikinta duhu, ƙafafunta takwas dogaye masu zobe-zobe, fari-fari da ja-ja. Tana son ƙasa mai bushewa irin tamu. Yawancin kaska hawa kan ciyawa suke yi su miƙa ƙafafu suna jiran mai wucewa. Wannan kuwa tana da idanu, in ta hango dabba ko mutum sai ta taso da gudu ta bi shi. Tana ƙarama takan sha jinin zomo da bushiya da tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa, in ta girma ta koma kan shanu da raƙuma da tumaki da awaki. Uwar kuma tana iya sa wa ƙwayayenta cutar, a ƙyanƙyashe 'ya'ya da gadonsu a ciki.

Yanzu ga inda Alhaji zai ɗaga murya. "Ni ba na sayar da marar lafiya! Dubi ragon nan, dubi ƙahonsa, dubi wuyansa, buɗe bakinsa ka ga haƙora. Wannan ne mai cuta?" Mun yarda, Alhaji, wallahi mun yarda, ragonka lafiyayye ne. Nan ɗin ma matsalar take. Wannan ƙwayar cuta ba ta kwantar da dabba. Kaska ta ciji rago, ƙwayar ta yi kamar mako guda tana yawo a jininsa, shi kuwa yana cin dusarsa da harawarsa, yana tunkuyi, ko hanci bai zubar ba. Duk dabarun da kakanni suka koya mana na duba dabba, a taɓa gadon baya, a leƙa ido, a kalli kashi, ba ɗaya da zai nuna ta. Sai ranar da aka sa wuƙa, jini ya fantsama a hannun da yake da ɗan yanka, ko ya tsartu a ido, sannan ta samu wanda take iya kayarwa.

Naman fa? Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba wanda zai hana ki suyar layya. In nama ya ɗan jima bayan yanka yakan yi wani tsami na kansa da ke karya ƙwayar, wuta kuma ta ƙarasa ta. Haɗarin yana wurin mai yanka, da mai fiɗa, da mai wanke kayan ciki, da yaron da aka ba fata ya shanya, domin in jikin dabba ya huce kaskar da ke kan fatar sauka take yi ta nemi wani jiki mai ɗumi.

Wani malamin makaranta a bayan majalisa ya ce, "To ina Kirimiya ina Kano?" Madalla da mai taswira. Bari in matso maka da ita kusa. A 2003 a Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, wata matashiya ta yanka akuya ta gyara. 'Yan kwanaki kaɗan zazzaɓi ya rufe ta, aka kai ta asibiti tana zubar da jini. Kafin a gane abin da ke damunta ta sa wa mutum 15 a cikin asibitin, da mutum huɗu a danginta. Daga Fabrairu zuwa Agusta na shekarar an ƙirga mutum 38 da suka kamu a ƙasar. Akuya ɗaya ce fa ta buɗe ƙofar. A 2008 a garin Alfula na yankin Kurdufan a Sudan, wani mahauci ne aka kwantar, ma'aikatan jinyar da suka kula da shi suka ɗauka. A Afrilun 2023 wani mahauci ya rasu da ita a gefen Dakar. Muritaniya, Senegal, Sudan: malam, duba taswirar taka ka gaya mini su wa ke tsakiya.

Tun a 1976 likitoci suka san ba abin wasa ba ce. A Rawalpindi ta Pakistan aka kawo wani makiyayi yana aman jini yana riƙe da ciki, aka zaci gyambon ciki ne ya fashe, aka shiga da shi tiyata. Makiyayin ya rasu, likitan da ya yi masa aikin ya bi shi. Shi ya sa har gobe in Babbar Sallah ta gabato hukumomin lafiya na Pakistan suke ta gargaɗi a kan kasuwannin dabbobi. Su ma Musulmi ne, su ma layya suke yi, ba wanda ya ce musu sun ƙi sunna.

"Amma dai a nan ba mu taɓa ji ba." Wannan ce gardamar da na fi so, don ita ce ta fi kama da gaskiya. To, da wane kunne za mu ji? Ku tsaya in zana muku yadda ciwon yake farawa. Kwana ɗaya zuwa uku bayan cizon kaska, ko biyar zuwa shida bayan taɓa jini, zazzaɓi ya sauko farat ɗaya. Ciwon kai, ciwon wuya da baya, jiri, ido ya yi ja ya ƙi haske, amai, wani lokaci gudawa. Ku gaya mini tsakani da Allah, in wannan ya sami ɗanka, ina za ka? Kemis ɗin bakin layi. Me yaron kemis zai ce? "Maleriya ce da taifot." Kullum su biyun nan tare suke zuwa a bakinsa, ban san wanda ya ɗaura musu aure ba. A haɗa ƙwayoyi a leda, a ƙara da maganin ciwon jiki irin su asfirin ko diklofenak, waɗanda ke ƙara tsinka jini ga mai wannan cuta. Bayan 'yan kwanaki mara lafiya ya fara ruɗewa, ya yi ta barci, ɗigo-ɗigon jini ya fito a fata da cikin baki, ga haɓo, dasashi na tsiyaya, wurin da aka yi allura ya ƙi tsayawa. Nan kuma sai gwaggo ta karɓi aikin likita: "Wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne." A nemo hayaƙi da rubutu. Wanda zai tafi yakan tafi a mako na biyu. A wanke shi da hannu tsirara, a kai shi makwancinsa. A cikin wannan labarin duka, a ina aka ɗebi jini aka kai ɗakin gwaji? Abin da ba a nema ba ai ba za a rubuta an gani ba.

Da aka nema kuwa an gani. Tun a shekarun 1960 masu bincike a Jami'ar Ibadan suka samu wannan ƙwayar a jikin kaska da dabbobi a Najeriya. A kasuwar shanu ta Ibadan ɗin ma suka gano wata 'yar'uwarta a 1964, suka raɗa mata sunan unguwar Dugbe. Ba sai na gaya muku daga ina shanun Ibadan suke zuwa ba. Daga baya masana a Maiduguri suka gwada jinin marasa lafiya a Barno suka tarar da alamar cewa wasu sun taɓa haɗuwa da ita. Barebari za su ce Fulani ne suka kawo musu, Fulani su ce a gidan Barebari ta ga wurin zama. Wannan shari'a ba ni zan yanke ta ba.

Kuma ku tuna zazzaɓin Lassa. Kafin 1969 shi ma "ba a taɓa ji ba". Sai da ya kashe ma'aikatan jinya na mishan, ɗaya daga garin Lassa, ɗaya a Jos, aka kai jini Amurka, sannan ya samu suna. Kuna tsammani a shekarar ɓera ya fara shiga rumbu? A ƙauyukan Senegal ma masu bincike sun daɗe da nuna cewa wani kaso na zazzaɓin da ake ɗora wa sauro, wata ƙaramar kaska ce mai laushi da ke zaune a ramin ɓera cikin ɗaki take kawo shi. Da dare take fitowa ta ciji mai barci ta koma, ba wanda ya gan ta. Sauro na da laifinsa mai yawa, amma an mayar da shi mai ɗaukar zunubin kowa.

Akwai masu cewa, wai meye na zaman wasu mutane a Janiba ko Abuja ko Adis Ababa suna ƙirga wanda ya yi zazzaɓi a wata ƙasa, in ba neman kuɗin tallafi ba? Ka je Maigatari ranar Alhamis, ko Mai'aduwa ranar Lahadi, ko Potiskum, ko Illela, ka tsaya ka kalli abin da ake saukewa. Wannan daga Damagaram, wancan daga Agadas, waɗancan sun keto daga Chadi. Kafin jibi suna cikin tirela sun nufi Legas ko Fatakwal. Jami'in kan iyaka zai ƙirga kawuna ya karɓi kuɗin takarda, amma ban taɓa jin ya ɗaga wutsiya ya ƙirga fasinjojin da ke ƙarƙashi ba. Ga kuma tsuntsaye. Ƙananan tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, in za su koma sukan tafi da 'ya'yan kaska a maƙale a kansu, su ƙetare Sahara da teku. A 2016 wani dattijo a Sifaniya ya fita yawo a karkarar Abila, kaska ta cije shi, ya rasu a asibitin Madrid, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi ta kamu amma ta tashi. Turkiyya ba ta san da cutar a cikin mutanenta ba sai a 2002, da ta ɓulla a lardin Tokat. Daga nan zuwa yau sun ƙirga sama da mutum 10,000. Amma da yake suna ƙirgawa, likitocinsu sun san ta da gani, mace-macen bai wuce kimanin biyar cikin ɗari ba. Amfanin ƙirga ke nan, malam. Iraƙi kuwa ta yi sakaci da feshin dabbobi a shekarun korona, sai ga shi daga farkon Janairu zuwa 22 ga Mayun 2022 an kai rahoton mutum 212, 27 sun rasu, mafi yawan waɗanda gwaji ya tabbatar makiyaya ne da mahauta.

Makiyayi ma zai ba ka shaida ta ɓangarensa, ko da bai yarda da zancen mutane ba. Ya san inda wata irin kaska mai ado ta yi yawa nan kirci yake cin fatar shanu. Ita wannan kaskar jiragen ruwa suka kwashe ta tare da shanun Senegal zuwa tsibiran Karebiyan tun ƙarni na 19, har yau tana can tana ɓarna. Mu ma an rama mana: wata kaskar shanu mai taurin kai da maganin feshi ta shigo Kwaddibuwa da Benin a jikin shanun da aka sayo daga Brazil, an fara ganin ta wajen 2007, yanzu ta bazu har Najeriya.

Saura mai cewa duk ƙirƙirar Turawa ce don su hana mu cin nama. Bawan Allah, su Turawan ta bar su ne? A Amurka akwai ciwon Laim, wanda aka gane a 1975 da yaran wani gari a jihar Konetikat suka yi ta kumburin gwiwa. Hukumar lafiyarsu ta ƙiyasta ana yi wa mutum kusan 476,000 maganinsa duk shekara. Akwai ma wanda ya fi wannan ban tausayi. Wata kaska gare su mai ɗigon fari a baya, in ta ciji mutum jikinsa yakan ƙi jan nama. Ya ci naman sa ko na rago da magariba, tsakar dare ya farka da ƙaiƙayi da borin jini, wani har numfashi ya sarƙe. Ka auna wannan a kanka, kai da ba ka wuce teburin mai tsire ba ka tsaya ba. Ba balangu, ba kilishi, ba ragadada, ranar Sallah kowa na suya kai kana gefe da kwaɗon zogale. Da Turawa ne ke ƙera cututtukan kaska, da wannan za su fara aiko mana, don sun san ita ce za ta durƙusar da mu.

Abin da ke ba ni dariya da masu gardamar nan shi ne, ba kullum suke gardama ba. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shiga Legas, saƙo ya zaga wayoyi da tsakar dare cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Wa ya tambayi hujja? Wa ya ce a nuna masa wanda gishiri ya warkar? Manya da yara aka tashi ana dafa ruwa kafin asuba, masu hawan jini suka kwankwaɗa, wasu aka kwashe su sai asibiti, har aka rasa rayuka. Abin da ya tsayar da Ebola a kan mutum 20 a Najeriya kuwa shi ne likita Stella Adadevoh da ta hana mara lafiyan farko fita daga asibiti, ta rasa ranta a kan haka, da ma'aikatan da suka bi sawun duk wanda ya taɓa shi gida-gida. Wato saƙon da ba a san mai shi ba an gaskata shi cikin dare ɗaya, likitan dabbobi kuwa ya ce a yi feshi sai an nemi ya kawo shaidu huɗu.

"Ai komai ajali ne." Haka ne, Malam, ba mai ja da wannan. Amma kai da ka fi ni karatu ka san Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, aka tare shi da labarin annoba ta sauka a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa Madina. Ba wanda ya fi shi sanin ajali a cikinmu.

Kuma me aka roƙe ku? Ba a ce ku bar kiwo ba, ba a ce ku bar fawa ba. A Afirka ta Kudu, da ma'aikata 17 na wata mayankar jiminai suka kamu a garin Oudtshoorn a 1996, dokar da aka kafa mai sauƙi ce: a yi wa tsuntsayen maganin kaska, a ware su kwana 14 kafin yanka. Kwana 14 ɗin nan sun isa ƙwayar ta bar jinin dabba. Mu da muke sayen rago mu ɗaure a turke, wannan ai bai fi ƙarfinmu ba. Babbar Sallah a 'yan shekarun nan tana faɗowa ne a farkon damina, daidai lokacin da kaska take tashe. Ka sayi ragonka da wuri, ka nemi malamin dabbobi ya ba ka maganin da ya dace ya gaya maka kwanakin da za a jira kafin a ci naman, kada ka je ka ɗebo fiya-fiya ka yi masa wanka. Ranar yanka a sa safar hannu, in babu ko leda ce a ɗaura. Mai ciwo a hannu ya bar wa wani fiɗar. A haƙa rami a binne jini, a hana yara wasa da fata.

In kaska ta kama ka, kada ka ɗiga mata kananzir, kada ka kusanta mata garwashi. Ka sa hantsaki ka kama ta daf da fata, ka ja a hankali har ta saki, ka jefa ta wuta, ka wanke wurin da sabulu. Murtsukewa da farce dai, Alhaji, a yi haƙuri a bar ta, jinin da ke cikinta ba naka ba ne kuma ba ka san na wa ta sha ba. In zazzaɓi ya biyo baya cikin mako biyu, ka wuce kemis ka tafi asibiti, kuma ka buɗe baki ka ce, "Likita, ni mahauci ne," ko "Kaska ta cije ni ranar kaza." Wannan 'yar maganar tana iya tsirar da kai, ta tsirar da nas ɗin da za ta sa maka ruwa.

Ranka ya daɗe Sarkin Fawa, kai ne rundawa ke jin maganarka fiye da ta kowane likita. Kwalin safar hannu bai kai kuɗin cinya ɗaya ba. A taimaka a ajiye shi a bakin kwata kafin Sallar bana.